Gidan Reno A Cikin Kwalba

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in mutum bai lura ba sai ya ce musu suke yi da juna. Na farko shi ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na biyu kuwa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na farkon yana nuna mana cewa kowane abu asalinsa yake bi, na biyun kuma yana cewa wurin da abu ya zauna shi yake mai da shi yadda yake. Ni dai na daɗe ina jin su a bakin manya, amma ban taɓa zaton zan gamu da su a darasin kimiyya ba, sai da wani abu ya same mu a gonarmu ta dankali. Wannan abu shi ya sa na ɗauki alƙalami domin in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu wani aiki da masana suke yi a ɗakin bincike, watau renon ƙwayoyin halitta a cikin kwalba.

Abin Da Ya Sami Dankalinmu

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Ƙafin Maiyaki. Yana shuka masara da dawa domin ci, amma dankali shi ne abin sayarwarsa, kuma daga kuɗinsa ake yi mini sayayyar komowa makaranta. Kowa ya sani ba a shuka dankali da ƙwaya kamar gero. Yaɗonsa ake yanka a dasa a kunya, in rani ya yi a adana kaɗan a fadama, damina ta sauka a sake yanka a dasa. Irin da muke da shi tun zamanin kakana yake, haka nan ake ta juya shi shekara da shekaru.

Cikin 'yan shekarun nan sai muka lura ganyen yana ƙanƙancewa, yana murɗewa, ga ɗigo-ɗigon rawaya a jikinsa. Ranar haƙa kuwa sai a yi ta tono 'yan sirara kamar yatsu. Baba ya ce ƙasa ce ta gaji. Bara ya ci bashi ya ƙara takin zamani, ya kuma kai takin gida, amma buhunan da muka ɗiba ba su kai rabin na da ba. Da hutu ya ƙare na ga yadda ya yi ta ƙirga kuɗin da zai ba ni, yana warewa yana mayarwa, har na ji kunyar karɓa.

Da na komo makaranta sai na ba malaminmu na ilmin halittu labari. Ya tambaye ni kamannin ganyen, na faɗa masa. Sai ya ce, “Alamun da ka faɗa ba na gajiyar ƙasa ba ne. Cutar tana cikin irin, kullum kuka yanka kuka dasa da ita kuke dasawa.” Ya bayyana mini cewa akwai wasu ƙwayoyin cuta da ake kira bairos, waɗanda darɓa da farin ƙuda suke ɗauka daga wannan shuka zuwa waccan, kuma in sun shiga jikin dankali babu feshin da zai fitar da su. Na ce, “To Malam, ashe ke nan irin ya mutu?” Ya yi murmushi ya ce a'a, ana iya wanke shi, amma a cikin kwalba. Daga nan na shiga tambaya da karance-karance, ga kuma abin da na fahimta.

Mece Ce Ƙwayar Halitta?

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka jikin kowane abu mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, yake haɗe da wasu 'yan ƙananan tubala waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Wani Bature mutumin Ingila, Robert Hooke, shi ya fara bayyana su a shekarar 1665, bayan ya duba ɓawon wani icce a madubinsa ya ga ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma. A jikin babban mutum ɗaya akwai irin waɗannan ƙwayoyi sama da tiriliyan 30. Kowace tana ci, tana shaƙar iska, tana fitar da ƙazanta, kuma da yawa daga cikinsu suna rabewa biyu su hayayyafa.

Abin mamaki shi ne, dukkansu daga ƙwaya guda suka fito a cikin mahaifa, kuma kusan dukkansu saƙon gado iri ɗaya suke ɗauke da shi. To, me ya sa wata ta zama ƙashi, wata tsoka, wata fata? Amsar da masana suka samu ita ce, ƙwaya tana sauraron abin da yake kewaye da ita: abincin da ya zo mata, da sinadaran da maƙwabtanta suke aiko mata, da abin da take kwance a kai. Saboda haka duk wanda yake son ya rayar da ita a wajen jiki, tilas ya gina mata gida mai kama da wanda ta baro. In kuwa yana son ta zama wani abu na musamman, sai ya gyara gidan ta yadda zai kai ta can.

Kada wani ya ɗauka wannan tunani baƙo ne a ƙasarmu. Bafillatanar da take yin kindirmo takan wanke ƙwaryarta fes, ta dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono, ta rufe ta ajiye a wuri mai ɗumi. Mai daddawa ma takan dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku. Su duka renon ƙananan halittu suke yi, ko da ba su taɓa ganinsu ba. Abin da masu bincike suka ƙara shi ne awo: kome sai an auna shi, an rubuta, yadda wani zai iya maimaitawa a wata ƙasa ya sami abu ɗaya.

Wanda ya buɗe wannan hanya ga ƙwayoyin dabba shi ne Ross Harrison na Amurka. A 1907 ya yanko ɗan guntun jijiya daga ɗan tayin kwaɗo, ya sa shi cikin ɗigon ruwan jikin kwaɗo a kan gilashi, ya rufe. Guntun nan ya rayu har makonni, Harrison yana kallon zaren jijiya yana miƙewa da idonsa a madubi.

Sharuɗɗan Gidan Reno

Sharaɗi na farko shi ne abinci. Ƙwayar da aka raba da jiki ba ta da jinin da zai kawo mata kome, sai a haɗa mata wani ruwa mai sukari da gishiri iri-iri da bitamin da sinadaran gina jiki. A 1955 wani likita a Amurka, Harry Eagle, ya yi ta cire abu ɗaya-ɗaya daga cikin ruwan yana duba ko ƙwayoyin za su rayu, har ya gano waɗanda ba makawa sai da su. Ana ƙara ɗan ruwan jinin ɗan maraƙi. Akan kuma sa wani jan launi a ruwan, wanda in ƙazanta ta taru ruwan ya yi tsami sai ya koma rawaya, mai aiki ya san lokacin canji ya yi. Yawanci bayan kwana biyu ko uku ake canjawa. Tsirrai su ma suna da nasu haɗin, wanda Murashige da Skoog suka fitar a 1962, kuma har yau da shi ake aiki. A cikin lita ɗaya akan sa sukari giram 30, domin ɗan tsiron da yake cikin kwalba bai isa ya ciyar da kansa da hasken rana ba tukuna.

Na biyu shi ne ɗumi da iska. Ƙwayoyin mutum suna son zafi daidai da na jiki, watau digiri 37. Ana ajiye su a wani akwati mai kama da injin ƙyanƙyasar ƙwai, cikinsa da laima, sa'an nan kashi 5 cikin ɗari na iskar ciki irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi, domin ita take daidaita tsamin ruwan. Tsirrai kuwa sun fi son wajen digiri 25, da hasken fitila kamar awa 16 a kowace rana.

Na uku, wanda ya fi kowanne wuya, shi ne tsabta. Ruwan da aka haɗa da sukari ba ƙwayar da ake reno kaɗai yake yi wa daɗi ba, har da fumfuna da bakteriya, waɗanda suke yawo a iska da hannu da numfashinmu. Ƙwayar dabba takan ɗauki kusan kwana guda kafin ta rabe biyu, amma wata bakteriyar minti 20 ya ishe ta. Na zauna na yi lissafi: in guda ɗaya ta faɗa kwalba ta yi ta ninkawa haka, cikin awa 8 ta haura miliyan 16. Shi ya sa ake dafa kwalabe da abincin a tukunyar matsi har zafi ya kai digiri 121, a bar su minti 15 ko fiye, domin tafasar ruwa kawai ba ta kashe su duka. Aikin kuma a gaban wani teburi ake yi mai hura tatacciyar iska, a goge hannu da sifirit, a gasa wuƙa da hantsaki a wuta.

Na huɗu shi ne shimfiɗa. Yawancin ƙwayoyin dabba ba sa rayuwa suna yawo a ruwa, sai sun sami abin da za su maƙale. Tsirrai kuma ana kafa su a wani abu da ake kira aga, wanda ake samu daga ciyawar teku. In an dafa shi ya huce sai ya daskare kamar kunun da ya kwana. Wata matar aure ce a Jamus, Fanny Hesse, ta ba mijinta shawarar amfani da shi a farkon shekarun 1880, domin ta san shi a ɗakin girki.

Yadda Ake Juya Akalar Ƙwaya

Rayar da ƙwaya abu ɗaya ne, sa ta ta bi hanyar da ake so kuma wani abu ne dabam. Nan ne karin maganar maɗaukin kanwa ta fito fili.

A 1957 Skoog da Miller suka ɗauki guntun ɓargon karan taba suka sa a kwalabe. Suna da sinadarai biyu waɗanda tsiro da kansa yake yi domin ya ba sassansa umarni, ɗaya sunansa oksin, ɗaya saitokainin. Da suka sa oksin ya rinjaya, sai guntun ya fid da saiwa. Da suka sa saitokainin ya rinjaya, sai ya fid da toho da ganye. Da suka daidaita su, sai ya yi ta kumbura ya zama curi, ba saiwa ba ganye. Kara ɗaya, gado ɗaya, amma abin da aka zuba a kwalba shi ya yanke hukunci. Shekara guda bayan haka, a 1958, F. C. Steward ya ɗauki ƙwayoyi daga jikin karas, ya rene su a ruwan da aka haɗa da ruwan kwakwa, har suka zama cikakken tsiron karas. Wannan ya tabbatar da hasashen da wani Bature mai suna Haberlandt ya yi tun 1902, cewa ƙwayar tsiro guda tana ɗauke da ikon zama tsiro sukutum.

A wajen dabba kuma, Harrison ɗin nan da na ambata ya sake wani gwaji bayan 'yan shekaru. Ya shimfiɗa wa ƙwayoyi saƙar gizo-gizo, sai ya ga suna bin zaren suna miƙewa a kansa, kamar yadda wake yake bin karan dawa. Watau ƙwaya tana jin siffar abin da take kai. A 2006 kuma wasu masana a Jami'ar Pennsylvania, Engler da Discher da abokan aikinsu, suka ɗauki wasu ƙwayoyi daga ɓargon ƙashin mutum, irin waɗanda ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba. Suka raba su uku, abinci iri ɗaya, amma shimfiɗa dabam-dabam. Waɗanda aka ɗora a kan shimfiɗa mai laushi kamar ƙwaƙwalwa suka fara ɗaukar kamannin ƙwayoyin jijiya. Na kan mai matsakaicin tauri suka nufi zama tsoka. Na kan mai tauri sosai suka nufi zama ƙashi. Da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na yi shiru. Ashe har taurin tabarma yana da ta cewa.

Daga nan aikin ya yi ta gaba. A 2009, a ƙasar Holan, Sato da Clevers suka sa ƙwayoyin hanji a cikin wani abu mai yauƙi maimakon a kan faranti, sai ƙwayoyin suka shirya kansu suka zama ɗan mitsitsin hanji mai lunguna irin na gaske. Yanzu ana yin irin wannan da hanta da huhu da sauransu, a gwada magani a kansu kafin a ba mutum. Tun farkon shekarun 1980 kuma likitoci a Amurka suka fara ɗaukar ɗan guntun fatar wanda ya ƙone, su rene ta har ta yi faɗi, su mayar masa a jiki.

Wani dattijo da na ba wannan labari a gida ya ce, “Yaro, wannan ba shiga hurumin Ubangiji ba ne?” Na ce masa, “Baba, ba su ƙirƙiri ko ƙwaya ɗaya ba. Rayayya suke ɗaukowa su yi mata shimfiɗa, kamar yadda kake yi wa irin tumatir kwami ka yi masa rumfa.” Ya gyaɗa kai ya ce in haka ne, to noma ne.

Amfanin Da Muka Riga Muka Ci

Wataƙila wani ya ce duk wannan labarin ƙasashen Turawa ne. To, duk wanda yake da saniya a ƙasar nan ya ci amfaninsa. Tsofaffin Fulanin da suke kiwo a yankin dajin Falgore sun san cutar bushiya. Ta shigo ƙasar Hausa wajen 1890 ta kusa ƙarar da shanu, ta kuma sake ɓarkewa a Nijeriya a 1983 ta yi ɓarna mai yawa. Wanda ya samo rigakafin da ya kawo ƙarshenta shi ne wani likitan dabbobi, Walter Plowright. Ya yi aiki a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a tsakiyar shekarun 1950, watau can kusa da Jos, inda hanyar nan ta Tudun Wada da Doguwa take kaiwa. Daga baya a Kenya ya reni ƙwayoyin ƙodar ɗan maraƙi a kwalba, ya sa musu ƙwayar cutar, in ta hayayyafa ya ɗiba ya mayar a sabuwar kwalba, haka kimanin sau 90. Zaman kwalba ya canja ta: ta saba da gilashi har ta rasa ƙarfin kashe saniya, amma jikin saniya yana gane ta ya shirya mata. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Haka kuma cutar shan inna. A 1949 Enders da Weller da Robbins suka gano yadda za a hayayyafa ƙwayarta a cikin ƙwayoyin da ake reno, wannan ne ya buɗe ƙofar yin rigakafi da yawa. Ko gano cutar ma da wannan hanya ake yi. In yaro ya sami shanyewar ƙafa farat ɗaya, akan ɗauki bayan gidansa a kai ɗakin bincike na Ibadan ko na Maiduguri, a sa a kan ƙwayoyin da aka shimfiɗa a kwalba, a duba ko za su lalace. Yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila a 2014, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa wannan nau'i ya ƙare a Afirka.

Mu Koma Kan Dankali

To, yaya ake wanke iri? A can ƙarshen kan kowane yaɗo, a ƙarƙashin 'yan ganyayyakin da ba su buɗe ba, akwai wani ɗan tsinin toho wanda bai kai rabin milimita ba. Daga nan duk girma yake fitowa. Ƙwayoyin wurin suna rabewa da sauri, kuma hanyoyin ruwan da cutar take bi ba su riga sun isa can ba, saboda haka sau da yawa wurin yana da tsabta ko da sauran jikin ya kamu. Wasu Faransawa biyu, Morel da Martin, su suka nuna haka a 1952 da wata fure. Mai aiki yakan sa kan yaɗon a ƙarƙashin madubi, ya ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya, ya yanko tsinin ya ɗora a kan aga. Bayan watanni sai ya zama ɗan tsiro. Sai a gwada shi a tabbatar ba cuta, sa'an nan a yanka shi gaɓa-gaɓa a raba a sababbin kwalabe. A ce kowane tsiro yana ba da gaɓa 5 a wata: wata na farko 5, na biyu 25, na uku 125, a wata na shida an haura 15,000. Irin kakana ne dai, da ɗanɗanonsa da launinsa, cutar kaɗai aka bari a baya.

An gwada wannan a babban fili. A lardin Shandong na ƙasar Sin, cikin shekarun 1990, an raba wa manoma wankakken irin dankali, amfanin gonarsu ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari ba tare da ƙarin taki ba. A ƙasarmu ma ana irin wannan aiki. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana yi wa rogo da doya da ayaba. Cibiyar Umudike ta Jihar Abiya ita take kula da amfanin gona masu saiwa, har da dankali. A kusa da mu, masana a Samaru ta Zariya da cibiyar bincike ta Kazaure sun yi aikin renon rake a kwalba, kuma cibiyar nazarin noma a busassun ƙasashe ta Jami'ar Bayero tana da ɗakin wannan aiki. Rake ma da gaɓa ake dasa shi, saboda haka masu rake a fadamun Kiru da Bebeji matsalarsu ɗaya da tamu.

Gwajin Da Muka Yi

Gani ya kori ji. A zangon da ya wuce ƙungiyarmu ta kimiyya ta roƙi Malam mu gwada. Ya samo mana garin abincin tsiro da aga, muka tara kwalabe 12, muka dafa a tukunyar matsi. Ba mu da teburin iska, sai muka kifa akwatin gilashi muka goge cikinsa da sifirit. Ba mu da madubin da za mu yanko tsinin toho, saboda haka gaɓoɓi kawai muka yanka, muka wanke da ruwan bilic, muka ɗauraye da dafaffen ruwa. Malam ya gaya mana tun farko cewa wannan ba zai cire cuta ba, koyon hannu ne kawai.

Bayan kwana biyar, kwalabe 10 sun cika da fumfuna, wata fara kamar auduga, wata baƙa. Uku daga ciki nawa ne, kuma na san laifina: ina aiki ina surutu, bakina a kan kwalba a buɗe. Amma guda biyu suka tsira. A mako na biyu muka ga farar saiwa ta huda aga, ɗan kore ya ɗago kai. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa, har 'yan aji ɗaya. Da suka yi ganye huɗu sai ɗoki ya kama mu, muka fitar da ɗaya muka dasa a waje. Kafin la'asar ya kwanta. Malam ya ce tsiron kwalba kamar jariri yake, bai san rana ba, bai san iska ba, ganyensa bai iya riƙe ruwa ba. Sai an fara sa shi a dafaffiyar ƙasa a rufe da leda a inuwa, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har mako biyu ko uku. Haka muka yi wa na ƙarshen, yanzu yana nan a bayan ɗakin gwaje-gwaje ya fara yaɗo.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ba zan ɓoye wahalar abin ba. Ɗakin reno yana bukatar wutar lantarki dare da rana, in ta ɗauke aka rasa sanyi ko ɗumi, aikin watanni yana iya lalacewa. Yawancin sinadaran daga waje ake sayo su. Wankakken iri kuma ba ya zama da tsabta har abada, domin da zarar ya shiga gona darɓa da farin ƙuda za su sake kawo masa cuta daga gonar maƙwabci, bayan 'yan damuna sai an sabunta. Shi ya sa ake adana uwar irin a cikin rumfar da aka lulluɓe da raga mai ƙananan idanu, daga nan a riƙa yanka ana kai wa gona.

Duk da haka akwai abin da iyayenmu za su iya yi tun yanzu ba tare da kwalba ba. In za a yanki iri, a zaɓa daga shuka mai lafiyayyen ganye, a ɗauki wajen kan yaɗo, a bar gindi. Duk shukar da aka ga ta tsumbure ta murɗe, a tuge ta da wuri a fitar daga gona. A tambayi malaman gona inda ake samun tantancen iri, kuma in da hali manoman ƙauye su haɗa kai su yi rumfar raga guda. Na gaya wa Baba haka da hutu. Bai ce kome ba, amma washegari na gan shi yana zagaya fadama yana duba ganye ɗaya-ɗaya, yana ɗaura tsumma a jikin masu kyau.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, kada mu riƙa gudun darasin ilmin halittu da na haɗa sinadarai muna cewa ba su shafe mu ba. Awon da muke rainawa a aji, na giram da lita da digiri, shi ne jarin wannan sana'a, sai kuma haƙuri da tsabta da kame baki, wanda ni na koya da kwalabe uku. Ƙasarmu tana bukatar masu wannan aiki, kuma ɗan manomin da ya san ciwon haƙa kunya a tarar ba kome ya fi kowa sanin dalilin yinsa.

Karin maganar nan biyu da na fara da su, yanzu na gane ba musu suke yi ba. Ƙwayar dankali ba za ta taɓa zama rogo ba, kome aka zuba mata, wannan gadon barewa ke nan. Amma ko ta yi saiwa ko ta yi ganye, ko ta rayu ko ta ruɓe, wannan ya rataya ga gidan da aka yi mata. Burina shi ne wata rana in ɗauki yaɗon nan na kakana in kai shi ɗakin bincike da hannuna, in komo wa Baba da shi a wanke. Allah ya nuna mana, amin.